LibreOffice Calc: yadda yake da gyaran rubutu a cikin gidajen tablo

Masu manyan shaguna da masu sakatariya a Maradi da yawa sun koma riƙe lissafin kaya da na bashi a kwamfuta, kuma LibreOffice Calc na cikin abin da ake ɗora musu saboda kyauta ne, babu kuɗin lasisi. Gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da shi tun da aka ɓalle daga OpenOffice a 2010. Wajen lissafi ba a cika kuka da shi ba. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wajen gyara kamannin rubutun da ke cikin gidajen tablo, kuma a nan na auna shi.

Kusan komai yana taga ɗaya. A danna gidan da maɓallin dama na linzami a zaɓi gyaran gida, ko a bi Format sannan Cellules ga mai manhajar Faransanci. Ctrl+1 ma yana buɗe ta, sai dai a allon AZERTY da muka saba da shi lambar 1 tana bisa alamar &, don haka linzamin ya fi sauƙi. Nau'in rubutu, girma, launi, jeri da tsarin lamba duk suna nan, kuma wannan tattarawar ta yi kyau ƙwarai.

Abu na farko da ya kamata ido ya saba da shi: Calc yana jingina rubutu a hagu, lamba a dama. In ka ga farashin buhun aya ya kwanta a hagu, to ba lamba ba ce a wurinsa. Yawanci dalilin shi ne an rubuta 25000 F da hannu. Da zarar harafi ya shiga, gidan ya zama rubutu, SOMME, formil ɗin da ke tara jimilla, kuma zai tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba, jimilla ta fito da giɓin jika 25. Maganin shi ne a rubuta 25000 zalla, sannan a shafin Nombres a sa tsarin # ##0" F". Ido zai ga 25 000 F, lissafi kuma ya tafi daidai. Kada a saba da tura komai tsakiya don kyau, domin hakan yana ɓoye wannan alamar. Ctrl+F8 yana tona asiri nan take: rubutu ya fito baƙi, lamba shuɗiya, formil kore. A sake danna shi launukan su koma yadda suke.

Lambar waya kuma akasin haka take so. Wanda ke hulɗa da 'yan kasuwar Jibiya, Katsina ko Kano ya san lambobinsu da sifili suke farawa, Calc kuwa yana yar da sifilin gaba. Haka yake cinye alamar + ta +227 in an haɗe lambar ba tazara. A mai da kolon ɗin gaba ɗaya Texte, wato rubutu, kafin a fara shigarwa, ko a sa alamar ' a gaban lambar. In an riga an shigar, canza tsarin ba ya dawo da sifilin da ya ɓace.

Dogon rubutu yana malala zuwa gidan da ke kusa in babu komai a ciki. In akwai, sai ya yanke, ɗan jan kibiya ya bayyana a gefe. Lamba ba ta malala, ### take nunawa, kuma wannan ba lalacewa ba ce: a danna iyakar kolon ɗin sau biyu daga sama, ya buɗe daidai faɗinsa. Don sunan kaya mai tsawo a kunna Renvoi à la ligne automatique a shafin Alignement. In rubutun ya naɗe amma ƙasansa ya ɓuya, an taɓa jan tsayin layin da hannu ne, sai a danna iyakarsa ta ƙasa sau biyu. Mai son karya layi inda ya ga dama ya danna F2, ya kai wurin, ya danna Ctrl+Entrée. Wanda ya taso da Excel zai kai hannu ga Alt, a nan ba shi ba ne.

Ana iya kaurara kalma ɗaya ko a ba ta launi a cikin gida, ta hanyar F2 da zaɓar kalmar. Yana aiki, amma ban ba da shawarar a dogara da shi ba. Ba ya yiwuwa a gidan da ke ɗauke da formil, kuma in wani gida ya janyo rubutun da =A2, kalmar za ta iso ba kauri ba launi. Gara a ware kolon dabam don abin da ake son ya fito fili, kamar "an biya" da "saura".

Ƙarfin Calc na gaske yana wajen salon gida da ake buɗewa da F11. Ka ƙirƙiri salo ɗaya ka kira shi Bashi, rubutu mai kauri, ja. Ranar da ka canza shi, duk gidajen da ke ɗauke da shi sun canza tare. Formatage conditionnel, wato gyaran da ke kamawa da kansa in sharaɗi ya cika, shi ma da salon yake aiki: ka zaɓi kolon ɗin saura, ka ce in ya wuce 0 a sa masa Bashi. Sabon shiga zai ji nauyin wannan, domin dole ya fahimci salo kafin ya samu jan rubutu, kuma tagar ba ta yi masa bayani sosai. A ganina wahalar ta cancanta. In salo ya ƙi kamawa, akwai gyaran hannu a kansa, Ctrl+M yana share shi. A tuna kuma yawancin na'urorin buga takarda na sakatariya baƙi da fari ne, ja da kore duk toka-toka suke fitowa, shi ya sa kauri ya zama dole tare da launi.

Ga masu rubuta Hausa, haruffa masu ƙugiya suna shiga lafiya. A rubuta U+0199 a danna Alt+X a samu ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ 0253, na ƴ 01B4. Kada a bar U+ ɗin, domin in harafin da ke gabansa a, b, c, d, e ko f ne, Calc zai haɗa shi cikin lambar ya fitar da wata alama dabam. In ƙ ta fito ta bambanta da sauran haruffa, nau'in rubutun ne ba shi da ita, aka aro daga wani. DejaVu Sans yana da su duka.

Haɗe gidaje a bar shi ga taken da ke saman takarda kawai, domin a tsakiyar jerin kaya yana kawo cikas wajen jerawa. Wajen ajiya, ods, tsarin fayil na Calc kansa, ya fi riƙe komai, xlsx na Excel yana tafiya da kyau in an zauna kan Liberation Sans, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da Arial. CSV ba ya riƙe launi ko kauri ko kaɗan. Takardar kuɗin da za a tura wa abokin ciniki ta WhatsApp a fitar da ita PDF, nau'in rubutun yana tafiya a cikinta, ƙ da ɗ su isa wayarsa yadda aka rubuta su.