Tsohon masauki a Gutach: girkin dattijuwa ya burge ni, matakala ta ɓata min rai

Na daɗe a Jamus, na kwana a masaukai manya da ƙanana, amma ban taɓa ganin wanda ya kula da abin da Musulmi zai sa a bakinsa kamar dattijuwar da ke riƙe da kicin ɗin wannan gida ba. Gutach da nake nufi shi ne na yankin Schwarzwald, Baƙin Dajin nan na jihar Baden-Württemberg, tsakanin Hausach da Hornberg. Ƙauye ne mai mutane dubu biyu da 'yan kai, kwance a kwari, tsaunuka hagu da dama. Masaukin tsohon gidan katako ne mai ƙaton rufi da ya sauko har kusa da tagogi, ɗakin cin abinci a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ni da maigidana muka je, tare da Hajiyarmu da ta zo mana ziyara daga Zariya.

Ranar Litinin da yamma muka isa, muka tarar da ƙofa a garƙame, an rataye allo cewa yau ranar hutunsu ce. Ba a rubuta haka a shafin da muka kama ɗaki ba. Makulli yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, babu kowa, babu wani wurin abinci a buɗe kusa da mu. Ga Hajiya da ciwon suga, lokacin maganinta ya yi, kuma ba ta shan sa sai ta ci abinci. Na kira lambar da ke jikin allon, muryata har rawa take don ɓacin rai.

Ba a jima ba sai ga wata dattijuwa ta tsallako daga gidan da ke bayan masaukin, tana ɗaura ƙyallen girki a ƙugu. Ta dubi Hajiya zaune a kan benci, ba ta tsaya gardamar ranar hutu ba, ta buɗe kicin ta ce in biyo ta. Na faɗa mata ba ma cin alade, ba ma shan giya. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ake yi mana a wurare da yawa: a tsame naman daga sama, a miƙo maka sauran, a ce ai babu alade. Ita kuwa da kanta ta nuna min kaskon da take soya dankali, ta ce shekara da shekaru ana narka kitsen alade a ciki, ba za ta yi mana amfani da shi ba. Ta sauko da wani daga jikin ƙusa, ta wanke shi a gabana. Ta ɗaga murfin wata 'yar tukunyar ƙasa mai farin mai da soyayyiyar albasa, ta ce wannan ma kitsen alade ne, gobe za mu gan shi a teburin karin kumallo kusa da man shanu, kada mu taɓa.

Kifin rafi ta yi mana, wanda suke kira Forelle. Ta barbaɗa masa fulawa, ta soya da man shanu zalla, ta matsa lemon tsami. Sannan ta kwaɓa fulawa da ƙwai, ta shimfiɗa ƙullun a kan wani ɗan katako mai mariƙi, tana kankaro shi da wuƙa siriri-siriri yana faɗawa cikin tafasasshen ruwa, kamar yadda muke saka ɗanwake. Da ya taso sama ta tsame, ta zuba cuku da albasa. Spätzle kenan, irin na hannu, ba na leda ba. Hajiya da ba ta yarda da abincin Turawa ta cinye tas, ta ce min, "Ki faɗa wa baiwar Allahn nan na gode, Allah ya raya mata zuri'a." Na fassara, dattijuwar ta kama hannun Hajiya da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba.

Abin bai tsaya nan ba. Maigidana ya hango kek ɗin nan na yankin da ake kira kek ɗin Baƙin Daji a cikin gilashi, mai cakulan da kirim da 'ya'yan ceri, ya ce a yanka mana. Ta girgiza kai. Ta ce na gaskiya ba ya yiwuwa sai da Kirschwasser, barasar da ake tacewa daga ceri, kuma ƙa'idar masu gashi a Jamus ita ce sai an ji ɗanɗanonta kafin a kira shi da wannan suna. 'Yan'uwa ku kiyaye, da yawanmu muna saye a gidajen burodi ba mu sani ba. Washegari da la'asar sai ga ɗan ƙaramin kek ta yi mana daban da ruwan ceri kawai, har ta rage sukari saboda Hajiya ta ɗanɗana. Ba ta sa shi a lissafi ba. A ranar, da an ba ni takardar ba da maki, taurari biyar zan cika ba tare da tunani ba.

Ƙauyen kansa ya cancanci zuwa. Gidan tarihin Vogtsbauernhof yana nan, wanda Hermann Schilli ya kafa a 1964 a kewayen wani gidan manoma da aka gina a 1612, yana tsaye a inda aka gina shi tun asali. An kwaso wasu tsofaffin gidaje daga sassan dajin an sake kafa su a filin, har da na 1599. Kicin ɗinsu na da ba shi da bututun hayaƙi, bango da rufi baƙi ƙirin, a nan suke ƙyafe nama. Daga Gutach da maƙwabtansa biyu, Kirnbach da Reichenbach, hular gargajiyar nan ta mata ta fito, mai dunƙulen ulu 14 da ake gani a kowane hoton yankin, ja ga 'yan mata, baƙi ga matan aure.

Amma Hajiya ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma nan ne zuciyata ta sauya.

Tun lokacin kama ɗaki na rubuta musu cewa muna tare da tsohuwa mai ciwon gwiwa, a ba mu ɗakin ƙasa. Amsar da aka turo ita ce za a duba. Sai ga mu a hawa na biyu. Matakalar katako ce, ƙunci gare ta, a miƙe take, tsakiyar kowane taki ya lotsa don tsufa, kuma a lanƙwasa babu abin dafawa. Daren farko maigidana yana gaba yana riƙe da hannunta, ni ina baya ina tallafe da ita, tana hawa tana salati. Da ta kai sama ta zauna a bakin gado tana haki, gwiwar ta kumbura. Da safe ta ce ba za ta sauka ba sai ranar tafiya. Abinci ma a faranti nake hawa mata da shi.

Na sami ɗan dattijuwar, wanda shi ne mai kula da ɗakuna da kuɗi. Ya ce gidan yana ƙarƙashin dokar kare tsofaffin gine-gine, ba a taɓa shi sai da izinin hukuma, don haka babu lif. Na yarda da wannan, ni ma ban ce a fasa gidan tarihi saboda mu ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne da na matsa, sai ya ce ai gidan ba shi da ɗakin kwana a ƙasa ko ɗaya. To me za a duba? Sun sani tun ranar da na rubuto. Da sun faɗa min gaskiya da na nemi wani wuri, ko na bar Hajiya a gida cikin jikokinta.

Daga nan sauran abubuwan da na yi niyyar yafewa suka dawo min. Tagarmu tana kallon babbar hanyar B33, manyan motoci tun kafin asuba, kuma ba na'urar sanyaya ɗaki, dole a bar taga a buɗe. Banɗakin baho ne mai dogon baki wanda tsohuwa ba za ta iya ɗaga ƙafa ta shiga ba, sai a roba ta yi wanka. Intanet ba ya kaiwa sama. Ranar biya suka ce ba sa karɓar kati, sai da maigidana ya koma Hausach ya ciro kuɗi.

Sun ba mu katin KONUS, wanda baƙi ke hawa bas da ƙananan jiragen ƙasa da shi kyauta a faɗin yankin. Mun hau layin dogon da injiniya Robert Gerwig ya tsara, aka kammala a 1873, jirgi yana shiga rami yana fita har Triberg, inda ruwa ke gangarowa mita 163. Tafiya ce ta zama a kujera a kalli daji ta taga, daidai da Hajiya. Katinta yana kan tebur ba a taɓa shi ba, ni kuma ina jirgin hankalina yana ɗakin sama.

Taurari uku na ba su, kuma ukun duka na dattijuwar ne. Ni da maigidana za mu iya komawa saboda girkinta. Mai tafiya da tsoho, ko mai juna biyu, ko mai keken yaro, ya nemi wani gida. Na rubuta musu bayan mun dawo, na roƙi su sa a shafinsu cewa babu ɗaki a ƙasa kuma kicin ba ya aiki ranar Litinin. Har yau shafin yana nan yadda yake.