Wata uku ina neman gem ɗin da zai maye wa yaran gidana GTA

Ni dai ba zan ɓoye ba, nima na buga GTA San Andreas tun zamanin PS2, a gidan gem na bayan layinmu inda ake biyan kuɗi ana bin layi ana jiran hannu. Gem ɗin ya fito a 2004 kuma har yau in na rufe ido ina ganin CJ, mutumin da ake bugawa da shi a gem ɗin, a kan keke cikin garin Los Santos. Shi ya sa da na fara ganinsa a wayar Ummansu ban wani damu ba, ashe tun ƙarshen 2013 aka sako shi a Android kuma masu tura gem suna haɗa shi cikin abin da suke zuba wa mutane. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wata rana na dawo daga kasuwa bayan la'asar na tarar da autanmu ɗan shekara 7 ya sa CJ yana ta jibgar wani mutum da sanda a bakin titi, mutumin ya faɗi kuɗi sun zubo ya kwashe, yana dariya yana maimaita wani zagi na Turanci da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Kuma ba laifin masu gem ɗin ba ne, sun rubuta 18 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, na manya ne, akwai harbi akwai ƙwaya akwai gidajen rawa da matan banza, mu ne muka bar shi a hannun yara.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi, na goge. Kwana biyu ba a yi ba ya dawo, don yaran layi suna tura wa juna ta Xender. Sannan ga PS4 da muka saya na hannu, ɗan yayana da yake zaune a wurinmu, shekararsa 15, shi ne babba a yaran gidan, ya aro faifan GTA V wurin abokinsa. Na shiga intanet ina neman gem mai kama da GTA, duk abin da aka jero min harbi ne da sata, sunan ne kawai ya canza. A nan Ummansu ta ce min wata magana da ta fi duk binciken da na yi amfani, ta ce Abban yara kai fa ba ka taɓa zama ka ga me suke yi a ciki ba, ita tana ganinsu kullum kuma kowa da abin da yake yi.

Sai na zauna da su ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya nuna min. Gaskiyarta ne. Mai bi wa babban, ɗan shekara 11, ko mishan ɗaya bai taɓa yi ba, bindiga ma bai san yadda ake canza ta ba, shi dai ya samu babbar mota ko bas ya hau titi ya yi ta tafiya daga Los Santos zuwa San Fierro, yana tsayawa a danja, in ya goge wata motar har tsaki yake. Macen, shekararta 9, shagon kaya take kai CJ ta canza masa riga, ta kai shi wurin aski, ta sayi gida ta ajiye mota a gareji. Autan shi ɓarna yake so, ya ga abu ya fashe ya tarwatse. Babban kuma taurarin da ke nuna yadda 'yan sanda suke nemanka yake tarawa don ya ga ko zai iya tsere musu. Yara huɗu gem ɗaya, amma abu huɗu daban suke nema, ni kuma ina ta neman gem ɗaya da zai ishe su duka.

Na direban shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi faranta min rai. Na sauke masa Bus Simulator Indonesia a waya, wanda ake ce wa BUSSID, kyauta ne sai dai akwai talla. Kai ne direban bas, ka ɗauki fasinja a tasha ka kai su wani gari, Jakarta, Bandung, Surabaya da sauransu, kuma kana iya yi wa bas ɗin fenti yadda kake so, shi nasa ya rubuta masa Allah Ya Kiyaye a baya kamar motocin tasha. Ranar farko ya zo min da tambaya, Abba me ya sa sitiyarin yake dama kuma suke bin hannun hagu, na ce haka ƙasarsu take tuƙi, mu ma nan haka muke yi kafin a canza hannu a 1972, ya yi ta mamaki har ya je ya tambayi kakansa ko ya tuna. Daga baya na sa masa Euro Truck Simulator 2 a tsohuwar laftof ɗina, gem ne na 2012 na wani kamfani a ƙasar Cek mai suna SCS Software, kuma da yake ya tsufa bai wahalar da kwamfutar ba da na rage masa kyan hoto. Wannan gem ɗin gaskiya ya burge ni ni kaina. Tirela kake ja da kaya daga Jamus zuwa Faransa ko Italiya, in ka tsallake danja a ci ka tara, in ka wuce gudun da aka ƙayyade a ci ka tara, mai yana ƙarewa sai ka shiga gidan mai, direba yana gajiya sai ka faka ya yi barci, in ka buge kaya a rage maka kuɗi. Yaron ya kwashe kusan sati yana koyon yadda zai yi ribas da tirela ya saita ta a wurin sauke kaya, ranar da ya iya sai da ya kira kowa a gidan ya zo ya gani. Tun daga nan bai ƙara tambayar GTA ba ko sau ɗaya. Matsalar da muka samu tamu ce, tafiya ɗaya tana iya cin rabin awa ko fiye, batirin laftof ɗin kuma ya mutu, in aka ɗauke wuta a tsakiyar hanya sai kuka.

Macen na sa mata Minecraft, na sanya shi a yanayin da ake ce wa Creative, inda ba dodo da zai taɓa ka ba yunwa, kuma duk kayan gini suna hannunka. Kwana biyun farko ta ce hoton bai yi mata ba duk abu murabba'i kamar bulo, na ce ta ƙara haƙuri. Yanzu ta gina gida da zaure da tsakar gida da rijiya da garken tumaki, ta yi wa kakarta ɗaki daban a kusa da ƙofa wai don kar ta sha tafiya. A PS4 har mutum huɗu suna iya bugawa a talabijin ɗaya in akwai hannuwa, kuma ba ya buƙatar data in dai a gida za a buga. Na kuɗi ne, amma a duk abin da na saya shi ne aka fi morewa.

Autan ne ya ba ni aiki. Na fara da Burnout Paradise Remastered, asalinsa na 2008 ne aka sabunta a 2018. Gari ne a buɗe kamar na GTA amma ba mutum ko ɗaya a titi, motocin ma ba direba a cikinsu, sai gudu da karo, in ka yi karo a nuna maka a hankali yadda ƙarfe yake lanƙwashewa gilashi yana watsewa. Akwai allunan talla 120 da ake fasawa da shingaye 400 a warwatse cikin garin, to nemansu ya zame masa aiki. Ya so shi sosai na sati biyu, daga nan ya ce Abba ni ina so in sauka daga motar in yi tafiya, a nan kuwa ba a sauka. Sai na nemo Lego City Undercover, wanda ya fara fita a 2013 aka kawo shi PS4 a 2017, kuma in mutum yana neman abin da ya fi kusa da GTA ga ƙaramin yaro to wannan ne. Kai ɗan sanda ne mai suna Chase McCain kana farautar wani ɓarawo Rex Fury, kana iya tsayar da kowace mota ka hau, akwai babur akwai jirgin ruwa akwai helikwafta, komai na garin ana iya farfasa shi ya zama bulo ka tattara ka yi gini da shi, mutanen titi in ka nufo su tsalle suke su kauce, ɓarayi kuma ankwa ake sa musu ba kashewa ba. Yana canza kaya ya zama manomi ko ɗan kwana-kwana ko mai haƙar ma'adinai, kowanne da aikin da yake iya yi, har da shigar ɓarawo mai ɓalle ƙofa tunda aikin ɓad-da-kama yake, wannan sai da na zauna na yi masa bayani. An sa masa shekara 7, kuma mutum biyu suna iya bugawa tare, shi ya sa yanzu shi da yayarsa suke yi. Sai dai duk maganar da Turanci ce mai sauri, barkwancin ciki rabinsa wuce su yake, wani lokacin sai an kira ni in faɗa musu me ake so su yi.

Babban kuwa ba zan ce na ci nasara ba. Na kawo masa Need for Speed Hot Pursuit Remastered tunda tsere da 'yan sanda yake so, a ciki kana iya zama mai gudu ko ka zama ɗan sandan da kansa kana shimfiɗa ƙusoshi a titi kana kiran helikwafta. Ya yaba, ya buga. Na ƙara masa Spider-Man na 2018, yana lilo tsakanin dogayen benen New York, shi an sa masa 16 kuma akwai faɗa da duka sosai, sai dai ba ka cutar da mutanen gari, ceton su kake, na ga tunda ya kusa shekarun zan iya bari. Ya gama labarin cikin sati biyu ya ajiye. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce Baffa ni fa ba gem ɗin ne ba, duk abokaina shi suke bugawa, in ana hira a makaranta ni kaɗai ne ba ni da abin faɗa. Wannan kuwa ba faifan da zan sayo ya magance shi. Abin da na iya yi shi ne na buɗe masa falo ranar Asabar, abokansa su zo su yi gasar ƙwallo a PS ɗin, Ummansu ta soya musu awara, su shida ko bakwai suna ihu har magariba. Ya rage zuwa gidan gem, amma na san in ya je can yana taɓa GTA ɗin, na kuma gaya masa na sani, mun yi magana a kan abin da ke ciki da abin da ban yarda ya kawo gaban ƙannensa ba, faifan kuma ya mayar wa mai shi da hannunsa.

Ga mai son gwadawa, a duba lambar da ke jikin kwali ko a Play Store kafin a sauke, PEGI na Turai lamba suke sawa, 3, 7, 12, 16, 18, na Amurka kuma harafi, E da T da M, M ɗin daga 17 ne zuwa sama. Wani abin da na guje wa shi ne gem ɗin da ake hira da baƙi ta intanet, akwai na faka mota da yara suke so sosai amma da na ji ana magana da murya da mutanen da ba a sani ba sai na cire, gara wanda za a kashe data a buga. Na kyautan kuma a riƙa leƙa tallan da suke nunawa, shi ya sa BUSSID ma data a kashe yake yinsa. Yanzu abin da ya rage min shi ne batirin laftof, direban gidan ya tara kuɗi a cikin gem ɗin yana so ya sayi tirelarsa ta kansa ya daina tuƙa ta kamfani, kuma ya ce sai ina zaune a gefensa zai zaɓa tsakanin DAF da Scania.