Kayserzinn, Tudric ko WMF: wanne za ka saya cikin kayan kuza na wajajen 1900?

Mai neman kayan ado na gaurayen kuza da aka ƙera a Turai daga wajajen 1895 zuwa 1914 sunaye uku zai fi cin karo da su, kuma ba ƙarfe ɗaya ba ne duk da kamar da suke yi a hoto.

Kayserzinn na kamfanin J. P. Kayser Sohn ne a birnin Krefeld na Jamus. Kuza ce da aka gauraya da antimoni da ɗan jan ƙarfe, babu dalma, shi ya sa take da haske kamar azurfa. Zanen ganye, kifi, mazari da furanni yana fitowa ne daga jikin zubin kansa, ba liƙa shi aka yi ba, kuma Hugo Leven na cikin waɗanda suka zana su. Juya ƙasan faranti ko tulun, za ka ga sunan da lamba mai farawa daga 4000. Ga mai farawa, nan muke ba da shawara: ƙarfen iri ɗaya ne ciki da waje, babu rufin da zai goge, kuma kuɗinsa bai yi tashin na Tudric na Ingila ba.

Tudric kuwa shagon Liberty na Landan ne ya fito da shi a farkon shekarun 1900, W. H. Haseler na Birmingham yana ƙerawa. Lambarsa da sifiri take farawa. Tsadarsa ta rataya ne a kan Archibald Knox, mutumin tsibirin Man da ke tsakanin Birtaniya da Ailan, mai zanen igiyoyi masu sarƙewa irin na Seltawa, tsoffin al'ummun yankin, sau da yawa da ɗigon narkakken gilashi shuɗi da kore. Sai dai Liberty ba ya buga sunan mai zane a jikin kaya, don haka kalmar dillali cewa "na Knox ne" ba hujja ba ce sai lambar ta dace da zanensa da aka sani. Butocin shayi masu tabon guduma na shekarun 1920 su ma Tudric ne, amma kada a biya musu kuɗin na farko. Duba gilashin mai launi da kyau, domin idan ya ɓantare gyaransa da wuya: zafin da ke narka shi ya fi ƙarfin kuza, wadda ke narkewa a digiri 232 na ma'aunin Celsius. Kwanukan da aka yi da koren gilashi a ciki, in gilashin ya ɓata ko an sauya shi, darajar ta faɗi sosai.

WMF, kamfanin garin Geislingen na Jamus mai hatimin jimina, yawancin kayansa an shafe su da azurfa a kan gaurayen kuza. Inda hannu ke yawan taɓawa, da hanci da kafaɗun siffofin mata, nan rufin ke fara gogewa, toka-tokan ƙasa ya bayyana. Shi ne kuma aka fi kwaikwaya. Na jabu gashi da yatsu sukan cuɗe, layin haɗin zubi yana nan ba a goge ba, hatimin kuma dishi-dishi saboda daga jikin na asali aka kwafe shi.

Kowanne ka zaɓa, ɗora shi a kan tebur ka ga ko yana girgiɗi, ka ɗaga shi ga haske don neman tsaga da tabon walda a gindin mariƙi. Baƙaƙen ƙuraje masu ɓarɓashi ciwo ne da ya ci ƙarfen, gogewa ba ta cire su. Wanki kuwa ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Soson ƙarfe yana cinye zanen.