Zaɓen Fentin da Zai Mayar wa Tsohuwar Mota Launinta na Asali

Duk wanda ya ɗauki aikin farfaɗo da tsohuwar mota mai daraja, ko Mercedes-Benz ce ta shekarun 1960, ko Volkswagen Beetle, ko Peugeot 504, zai iso inda tilas ya yanke shawara a kan fenti, kuma a nan ne kuɗi ke saurin salwanta, domin idan launin ya kauce babu gyara sai an goge jikin motar an sake feshi. Hanyoyin da ke gaban mai saye su ne a haɗa fentin bisa lambar launi ta masana'anta, ko a auna launin da na'ura, ko a danƙa aikin ga gwanin haɗa fenti ya daidaita da ido. Wadda za a fifita ta dogara ne a kan ko motar duka za a fesa, ko kuwa wani sashe kawai za a gyara a bar sauran tsohon fentin.

Lambar launi ita ce mafari, kuma ita ce mafi araha. Motocin General Motors na da suna ɗauke da ita a wani ɗan farantin ƙarfe da ke ɗakin inji, na Ford kuwa a jikin ƙofar direba, yayin da lambobin Volkswagen ke farawa da harafin L, kamar L41 na baƙi. A wajen Mercedes-Benz, 040 baƙi ne, 050 fari. Idan farantin ya ɓace, ko ana zargin an sauya shi, ana iya neman takardar shaida daga ma'ajiyar tarihin kamfanin. Hukumar British Motor Industry Heritage Trust da ke Gaydon a Ingila tana bayar da irin wannan takarda ga motoci irin su MG da Triumph, sannan akwai irinta da ake kira rahoton Marti na motocin Ford daga 1967. Sai dai lambar ba ta wuce sunan launi ba. Ma'aunin haɗin da aka rubuta mata a wancan zamani an yi shi ne da sinadaran da yawancinsu an daina sarrafawa, musamman masu ɗauke da dalma, waɗanda su ne ke ba ja da rawaya da ruwan lemo kaurinsu. Abin da dillali zai haɗa yau fassarar wancan ma'auni ce zuwa sinadaran zamani, shi ya sa kamfanoni biyu, a ce PPG da Glasurit, za su iya ba da launuka biyu mabambanta a kan lamba guda. Ko a masana'antar ma, launi yakan ɗan sauya daga wannan tukunya zuwa waccan. Tsofaffin littattafan samfurin launi da ake sayarwa da tsada suna da daɗin ajiyewa, amma su ma sun dushe da shekaru, don haka ba na ganin su a matsayin alƙalai.

Na'urar auna launi tana haska fentin daga kusurwoyi da dama, sannan ta lalubo haɗin da ya fi kusa da shi a rumbun bayanan kamfanin. Ita ce ta fi dacewa da wanda zai gyara ƙofa ɗaya ko bonet, domin abin da yake bukata shi ne launin motar kamar yadda rana ta mayar da shi a yau. Rauninta shi ne abin da aka nuna mata kawai take karantawa, ko da fentin wani tsohon gyara ne da aka yi shekaru talatin baya, kuma tana shan wuya da tsofaffin launuka masu ƙyalƙyali.

Gwanin da ke haɗawa da ido ya fi tsada kuma ya fi cin lokaci, amma a ra'ayina shi ne ya kamata ya yi magana ta ƙarshe ga wanda yake son launin masana'anta na gaskiya. Aikinsa yana farawa da neman wurin da rana ba ta taɓa gani ba: ƙarƙashin robar ƙofa, bayan fitila, ko ƙarfen da kafet ya rufe. Zai ɗaga robar, ya goge wurin da man gogewa mai laushi har farin garin da ya taru a saman fentin ya fita a jikin tsumma, sai launin ya fito da zurfin da babu shi a rufin motar. Daga nan zai ɗauki haɗin lambar ya riƙa ƙara ɗigo-ɗigo a kan sikeli, yana rubuta kowane giram. A lura cewa masana'anta ba ta cika fesa irin waɗannan lunguna da kauri ba, saboda haka fentin shimfiɗa na ƙasa yana iya leƙowa ya ruɗi ido. Gara a gwada wurare biyu ko uku.

Nau'in fentin kansa yana da tasiri daidai da launin, kuma nan ne masu saye suka fi yin sakaci. Fentin selulos, wanda kamfanin DuPont ya yaɗa da sunan Duco a shekarun 1920, shi ne ke ba da sheƙi mai taushi na tsofaffin motoci, yana kuma da sauƙin gyara, amma yana tsattsagewa da tsufa, sannan dokokin rage gurɓatar iska, irin dokar Tarayyar Turai ta 2004, sun taƙaita sayar da shi. Tsarin zamani na shafa launi a ƙasa sannan a rufe da ruwan sheƙi garai-garai a sama bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1980, don haka idan aka yi wa motar 1965 mai launi marar ƙyalƙyali, takan fito kamar an tsoma ta cikin gilashi, abin da masu ido ke ganewa daga nesa. Ga irin wannan mota, fentin yuretan mai shafi ɗaya, wanda launi da sheƙi ke haɗe, shi ne ya fi kusa da kamannin asali, ga kuma ƙarko. Sinadarin da ke busar da shi guba ne ga huhu, saboda haka aikin ɗakin feshi ne mai cikakken kayan numfashi. A launuka masu ƙyalƙyali kuwa tsarin zamani ya fi sauƙin sarrafawa, muddin aka nemi ƙananan ƙwayoyin alminiyam, waɗanda su ne ke ba fentin ƙyalƙyali, domin na da sun fi na yanzu laushi a yawancin motoci.

Ko wace hanya aka bi, kada a biya kuɗin fentin duka sai an ga katin gwaji. A sayi ɗan kaɗan, mai fentin da zai yi aikin ya fesa shi a kan farantin ƙarfe da na'urarsa, bisa irin shimfiɗar da za a yi wa motar, domin matsin iska da nisan hannu suna sauya yadda ƙyalƙyali ke kwanciya. A bar shi ya bushe sosai, sannan a kara shi da tsohon fentin a hasken rana, a inuwa, da kuma ƙarƙashin fitila, ana karkata shi, saboda launuka biyu na iya dacewa a wani haske su rabu a wani. Idan katin ya gamsar, a haɗa fentin da zai isa motar duka a lokaci guda har da ragowa, a zuba gwangwanayen wuri ɗaya a gauraya, sannan a karɓi ma'aunin haɗin a rubuce a ajiye tare da takardun motar domin gyaran gaba.