Darasin Ailan a ajin tarihi na daren Asabar

Ajin tarihin da wani malami mai ritaya ke yi mana a Zangon Kumasi bayan sallar isha'i ya cancanci kuɗinsa. Wannan watan kan Ailan ya tsaya.

Malam ba ya karanto littafi. Taswira yake zanawa da alli, ya ja layi a arewa maso gabashin tsibirin, ya ware gundumomi 6 da suka zauna ƙarƙashin Birtaniya daga 26 da suka fita. Daga nan ya bi da mu tun boren da aka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin lokacin bikin Ista na 1916, da harbe jagororinsa da ya juya zukatan jama'a, har yarjejeniyar Disamba 1921 da Birtaniya, wadda Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar 'yancin Ailan, ya sa wa hannu. Inda ya fi daɗewa shi ne yaƙin basasar 1922, lokacin da abokan gwagwarmaya suka juya wa juna bindiga saboda rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila da ke cikin yarjejeniyar. A cikinsa aka kashe Collins. Wallahi ajin ya yi tsit.

Da wani dattijo ya ce, "Malam, ashe rikicin addini ne kawai?" sai ya nuna yadda aka zaunar da Furotesta daga Ingila da Sikotilan a filayen Katolika tun ƙarni na 17.

Ƙorafina ɗaya: ya yi saurin wuce yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 kan rikicin Arewacin Ailan, wato gundumomi 6 ɗin nan. Kuma bencin ya yi mana kaɗan, sai ku zo da wuri.