Bajen kolin IBC na Amsterdam a idon ma'aikacin telebijin daga Yamai

Duk wanda ya daɗe a aikin telebijin ya san sunan IBC, ko da a bakin dillalan da ke kawo mana kaya ne. Bajen koli ne na kayan rediyo da telebijin da ake yi kowane watan Satumba a cibiyar RAI ta birnin Amsterdam, ƙasar Holand. A Landan aka fara shi a 1967, ya koma Amsterdam a 1992. Na halarci na 2024, wanda aka yi daga 13 zuwa 16 ga Satumba, kuma masu shirya shi sun ce mutum sama da 45,000 suka zo daga ƙasashe 170, kamfanoni fiye da 1,350 suka kafa rumfa. Aikina shirya shirye-shirye ne da kula da ɗakin reji, inda ake haɗa hoto da sauti kafin a watsa, a wani gidan telebijin mai zaman kansa a nan Yamai, don haka da idon mai neman abin da zai yi aiki a gida na kalli wurin. Ra'ayina a taƙaice: zuwa yana da amfani, amma yawancin abin da aka fi yi wa shela a can ba don mu aka ƙera shi ba.

Shiga zauren baje kolin kyauta ne in ka yi rajista da wuri. Tarukan jawabai ne ake biya wa kuɗi masu yawa, kuma ban ga abin da zai sa ɗan Nijar ya biya su ba. Inda aljihu ke kuka shi ne hanya. Kuɗin bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne tun Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, ga jiran ranar ganawa wanda sai ka fara nemansa da watanni. Jirgi kuwa sai ka bi ta Istanbul ko Kasablanka. Otel a cikin Amsterdam a wannan makon wuta ne, ga harajin baƙi na kashi 12.5 a kan kuɗin ɗaki. Ni a wani gari na kusa na sauka, ina shigowa da jirgin ƙasa kowace safiya, tunda RAI tana da tasharta. Ka tafi da katin banki mai aiki a waje, don wurare da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi, ko da kofi ne za ka saya.

Manyan rumfuna, irin na Sony, Canon, Grass Valley da EVS ta Beljiyam, abin kallo ne, ba na musu. Na tsaya na kalli yadda ake maimaita hoton wasa a hankali, firam bayan firam, raina na can filin kokowar takobi: da muna da irin wannan na'ura, gardamar ko gwiwar ɗan kokowa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba da ta ƙare nan take. Sai dai maganar da ke bakin kowa a wurin guda uku ce: a bar wayar SDI da aka saba tura hoto da ita a gidajen telebijin, a koma tura shi ta hanyar IP, wato hanyar sadarwar kwamfutoci, bisa ƙa'idar da ake kira ST 2110, a kai montaj da ajiyar hotuna can cikin manyan kwamfutocin intanet, sannan a bar ƙirƙirarriyar basira ta yi sauran aikin. Dukansu sun ginu ne a kan abu biyu da masu rumfar ke ɗauka kamar iskar shaƙa: wutar da ba ta ɗaukewa da intanet ɗin da ba ya yankewa. Mu da muka ga yadda Yamai ta kasance bayan Najeriya ta katse mana wuta a Agustan 2023, muka koma watsa labaran dare a kan janareto, mun san abin da zai faru da tashar da duk hotunanta ke ajiye a Turai ranar da rezo ya faɗi ana saura minti goma labarai.

Akwai tambayar da na riƙa yi a kowace rumfa, kuma ita ce ta fi raba mini tsaki da tsakuwa. Takardar yawancin kamarori na cewa suna aiki daga digiri 0 zuwa 40. To a Yamai ko Tahoua, a watan Afrilu, ana wuce 40 tun kafin azahar, a inuwa ma. Sai in ce: in na ajiye wannan a rana, a cikin ƙurar hunturu, fankarta za ta jure? In ta mutu, wa zai gyara, a wace ƙasa, garantin ya shafi Afirka ta Yamma? Matasan da aka jera a gaban rumfa da murmushi galibi ba su da amsa, sai su ɗauki lambar da ke jikin katin wuyanka su ce za a aiko maka da saƙo. Saƙon kuwa yana zuwa, talla ce zalla. Dabarar ita ce ka nemi a kira maka injiniya. Wani dattijo a rumfar wani kamfanin kamara ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana, cewa samfurin da nake kallo ba zai yi mini ba, ya nuna mini wanda ya girme shi da shekaru, mai rufaffen jiki da ƙarancin cin batir, kuma mai rahusa. Wannan hirar ta fi mini duk wani allon LED da na gani.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, na gwada da bakina. A wata rumfa da ke tallar rubuta magana kai tsaye a ƙasan hoto, Faransanci ya fito tsaf. Da na yi Hausa, irin wadda muke yi a nan da kalmomin Faransanci a cakuɗe, abin da ya fito ba ya karantuwa. Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek ko a jerin harsunansu ban gan su ba. Tasha irin tamu da ke karanta labarai da harsunan ƙasa kullum, mai fassara na ɗan Adam bai da magaji tukuna.

Wani abin da ya dame ni shi ne yadda kusan komai ya koma abonma. Da, ka sayi na'ura, taka ce har ta tsufa. Yanzu manhaja ce ake biya wata-wata da yuro ko dala, ranar da kuɗin talla ya yi jinkiri ta kulle. Gidan da albashi ma sai an yi dabara, wannan tarko ne. Shi ya sa har yanzu nake ganin darajar manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta da ya isa yin montaj na gaske, da ƙananan na'urorin haɗa kamarori na ATEM Mini, waɗanda kamfanin Blackmagic ya fara nunawa a wannan bajen kolin a 2019. Su ne yau ke hannun matasan da ke watsa wa'azi, biki da taron siyasa a Facebook.

Amfanin tafiyar a ƙananan rumfunan gefe na same shi, inda kamfanonin Sin da na gabashin Turai suke. Can ne ake samun mikro marar waya, fitilun da ke aiki da batir, akwatunan mayar da hoton wayar HDMI, irin ta telebijin ɗin gida, zuwa SDI, da kamarorin da mutum ɗaya ke juyawa daga nesa ta NDI, wata hanyar tura hoto ta wayar kwamfuta. Ka taɓa, ka kunna, ka yi ciniki, mai kayan da kansa ne a gabanka. Na kuma ɓata lokaci mai kyau wajen masu jakar watsa shiri kai tsaye, irin su LiveU da TVU, wadda ke haɗa layukan waya da yawa ta mayar da su hanya ɗaya. Ga mai son aiko da rahoto daga Tahoua, Ƙonni ko Abalak ba tare da motar tauraron ɗan Adam ba, wannan ita ce mafita. Wanda bai da kuɗinta, ƙa'idar tura hoto ta intanet mai suna SRT, wadda Haivision ta sake kyauta a 2017, tana riƙe hoto ko da rezo na tangal-tangal, kuma ƙananan na'urori masu araha da dama suna da ita. Shigowar Starlink Nijar a 2025 ta ƙara wa wannan hanyar ƙarfi sosai.

Sai mutane. A layin abinci na haɗu da ma'aikata daga Dakar, Abidjan da Kano, kuma matsalarmu ɗaya ce: zafi, ƙura, kuɗin duwan, da kayan da ke mutuwa babu mai gyara. Wani injiniya Bakano ne ya ba ni sunan wanda ke gyara masa kamara a yankinmu, abin da babu kamfanin da ya iya gaya mini.

Wurin yana da girma ƙwarai, zaure goma sha huɗu, ƙafa na gajiya, abinci na da tsada, na halal kuma sai ka fita cikin gari wajen Turkawa da ƴan Maroko. Ranar Litinin ta ƙarshe cunkoso na raguwa, injiniyoyi na samun sukunin zama da kai, amma da la'asar an fara naɗe kaya.

Wa ya kamata ya je? Shugaban sashen fasaha ko wanda zai sa hannu a sayen kaya, musamman in gidanku na shirin barin tsohon hoton SD ya koma HD mai tsabta ko sake gina reji. Ya rubuta matsalolin tasharsa tun daga gida, ya nemi ganawa da kamfanonin kafin ya tashi. Mai ɗaukar hoto da zai biya daga aljihunsa, gara ya sa kuɗin a kamara da mikro mai kyau, sababbin kayan zai gan su a YouTube cikin mako guda. In kuma bizar Turai ta gagara, akwai CABSAT, wani bajen koli irin wannan, a Dubai, inda ake samun da yawa daga cikin kamfanonin nan, kuma masu sayarwa a can sun san abin da ake nufi da zafi da rairayi. Can nake shirin nufa in Allah ya kai mu.