Hattara da masu tallan bolsukuru "C5" a WhatsApp da Facebook

'Yan'uwa masu aikin ƙarfe, musamman waɗanda suka ajiye ƙaramin injin milin (injin sassaƙa ƙarfe) a gida suna son mayar da shi mai aiki da kwamfuta, akwai damfarar da ke yawo a rukunonin WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook. Ana tallan bolsukuru, sandar nan mai tiredi wadda ƙananan ƙwallayen ƙarfe ke gudu a cikin notinta, a ce maka HIWIN ce ta Taiwan ko THK ta Japan, aji C5, wato mai inganci sosai, notinta ba ya girgiɗi (wasa) a jikin sandar ko kaɗan, kuma a farashin da bai kai rabin na gaskiya ba.

Wasunsu ɓarayi ne tsirara. Su karɓi kafin alƙalami, su turo hoton kwali a tasha da lambar direban da ba ta shiga, washegari ka tarar an toshe ka. Waɗannan kowa ya san irinsu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai turo kayan da gaske, domin shi ƙaryarsa tana inda hoto ba ya nunawa. Bolsukuru aji-aji ce. C7, wadda ake matse tiredinta tsakanin rola, an yarda ta yi kuskuren da ya kai milimita 0.05 a kowace tafiyar milimita 300. C5, wadda yawanci da dutsen niƙa ake fitar da tiredinta, kuskurenta bai wuce 0.018 ba. Ba ina kushe C7 ba ne. Mutane da yawa sun ɗora bolsukuru samfurin SFU1605 aji C7 a kan injina irin Sieg X2 da G0704 suna cin abinci da su lafiya lau. Zaluncin shi ne a sayar maka da ita da sunan C5. Ka duba ƙoƙuwar tiredin da kyau: wadda aka matse takan bar wani siririn layi a tsakiya, launinta kuma a dushe yake, ita kuwa wadda aka niƙa ramin nata sumul yake yana sheƙi. Sunan kamfani da aka zana a jikin noti kada ya ruɗe ka, duk mai injin leza zai iya rubuta shi. Ta gaskiya aji C5 takan zo da takardar gwaji mai lamba ɗaya da ta jikin sandar. Ka nemi ganinta, ka ji yadda zance zai sauya.

Sai dabarar giris. Wani yaro a unguwarmu ya kawo mini saiti uku in taya shi ɗaurawa, an ce masa sababbi ne gal. A hannu notin na juyawa da ɗan nauyi, shiru, kamar babu wasa. Muka wanke da kananzir, sai ga giris mai kauri baƙi ƙirin yana fita, notin ya fara ƙwas-ƙwas idan an girgiza shi. Muka kafa agogon awo, wato na'ura mai allura da ke nuna ɗan ƙanƙanin motsi: a bakin sandar allura da ƙyar take motsi, a tsakiya kuwa wasan ya haura milimita 0.1. Tsohuwar sanda ce aka ciro daga injin da aka yi gwangwan da shi, aka goge. Teburin inji a tsakiya yake yawan kai da komowa, nan ne tiredi ke cinyewa, shi ya sa a bidiyon tallan mai sayarwar ya ajiye notin a can ƙarshe.

Ba a nan kaɗai aka cuce shi ba. Mazaunin BK12 da ke riƙe kan sandar ta wajen motar lantarkin da ke juya ta ya kamata a samu boris biyu masu lamba 7001 a cikinsa, irin waɗanda aka ƙera don ɗaukar turi ta tsawon sanda. Da muka kwance murfin, 6001 muka tarar, boris na yau da kullum. Da irin wannan ko sandarka ta fi kowacce kyau, duk lokacin da motar ta juya baya sai sandar gaba ɗaya ta ɗan zame, ramin da kake son ya fita da'ira ya fito a karkace.

Akwai kuma maganar da suke yi don su faɗaɗa kasuwa, wai ko ba ka da motar lantarki ka sa ta ka ci gaba da juyawa da hannu. Wannan har da haɗarin rai. Bolsukuru ba ta riƙe kanta yadda sandar inji mai tiredi ta yau da kullum ke yi. Idan ka saki hannu, wuƙar injin na iya fizgar tebur, kan injin kuma na iya sulalowa ƙasa da nauyinsa in babu birki ko abin da ke tallafe shi.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko kwabo, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya wanke girisin, ya kai notin tsakiyar sanda, ya kafa agogon awo ya ɗauki bidiyo. Ka duba ko sunan asusun bankin ya dace da wanda kake magana da shi. "Na ƙanena ne" ba amsa ba ce. In yana Kano ko Kaduna, ka tafi da agogonka ka auna a gabansa, sannan ka cika kuɗi. Kuma kada ka zare notin daga sandar ba tare da bututun da ke tare ƙwallayen ba, domin za su zube, shi kuma ya samu hujjar cewa kai ka lalata kayan.

Wanda ya riga ya biya, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗin da hoton tallan kafin a goge shi, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ya kuma sanar da shugaban rukunin da ya ga tallan, don mutanen nan sukan sauya suna da lamba su dawo da hotunan nan dai.